Darasi Na 17: Keken Gado

A gidaje da yawa akwai wani tsohon keke da ke jingine a lungun zaure, ko rataye a bayan rumbu, ko kwance a ɗakin tarkace ƙarƙashin tsofaffin buhuna. Tayoyinsa sun sace tun ba a haifi wasu yaran gidan ba. Kaji na kwana a kan kariyarsa. Idan mai sayen gwangwan ya shigo unguwa yana kira, sai wani ya ce a fitar masa da shi a huta, wani kuma ya ce a'a, keken Baba ne. Haka za a yi ta ja har shekara ta zagayo, tsatsa kuwa tana ta cin rabonta.

Darasinmu na yau a kan wannan keken yake. Za mu ga yadda ake gane irinsa da shekarunsa, da yadda ake tayar da shi ya koma kan hanya ba tare da an ɓata shi ba. Ganewar ita ce gaba, kuma aikin karatu ce. Jikin tsohon keke cike yake da rubutu: haruffa, lambobi, tambari. Duk wanda ya zauna a wannan aji ya koyi baƙi da wasali ya riga ya mallaki kayan aiki na farko, tun bai ari sifana ba.

Na wane ne?

Keken mamaci dukiyar gado ce, daidai da gona da awaki. Sai an biya bashi, an fitar da wasiyya idan akwai, an raba, sannan wani zai ce nawa ne. Da yake keke ba ya rabuwa, akan yi masa kuɗi ya faɗa rabon mutum ɗaya, ko sauran magada su bar wa ɗayansu a gaban shaidu. Kada a manta da 'yan'uwa mata da ke ɗakunan mazajensu. Suna da haƙƙi a cikinsa ko da ba za su taɓa hawa ba. Keken da babu mai kallonsa yana cikin ƙura, ranar da ya fito yana ƙyalli kowa zai tuna na ubansa ne. A gama magana tun ƙurar tana jikinsa.

Karatun keke

A fitar da shi fili inda akwai haske. A tanadi ruwa da sabulu, da tsumma, da tsohon burushin goge baki, da littafi da biro. Samfefa da soson ƙarfe su dakata tukuna, yau ba ranarsu ba ce. Wanda yake da waya mai kyamara ya ɗauki hoton keken ta kowane ɓangare kafin a taɓa komai, musamman inda ƙarafan birki suka haɗu, domin ranar mayarwa ƙwaƙwalwa ba ta cika riƙe wanne ke bisa wanne ba.

Wurin farawa shi ne goshin keke, wato guntun bututun da ke ƙasa da kai. A nan kamfani ke ɗaure tambarinsa. Idan aka wanke aka ga kan zalɓe mai dogon baki, da rubutun Nottingham England a ƙasa, to Raleigh ne, wanda iyayenmu ke kira Rali. Kamfanin ya samo sunansa daga wani titi a birnin Nottingham na Ingila, inda aka fara ƙera kekunan a shekarun 1880, kuma wani mutum mai suna Frank Bowden ne ya mayar da ɗan shagon babban kamfani. A da Nijeriya na cikin manyan kasuwanninsa a duniya. Dattawan ajin nan za su tuna tallan da ake liƙawa a kantuna, na mutum a kan Raleigh zaki na binsa a guje ya kasa cim masa. Daga baya kamfanin ya kafa masana'anta a Kano, saboda haka ba kowane Raleigh na ainihi ne ya ƙetaro teku ba. A Nottingham kuwa an daina haɗa kekuna tun 2002.

Idan tafin hannu aka gani a buɗe, Rudge ne. Idan zaki ne, Phillips. Bindigogi uku da aka jingina da juna alamar BSA ce, domin kamfanin da ƙera bindiga ya fara kafin ya shiga keke. Humber ana gane shi ko babu tambari: a yawancinsa kowace ƙafar fok ɗin gaba, wato ƙarfen da ke riƙe tayar gaba, sirarran sanduna biyu ce maimakon ɗaya. Akwai kuma Hercules, na birnin Birmingham. Waɗannan sunaye a da kishiyoyin juna ne, amma Raleigh ya yi ta haɗiye su: Humber a 1932, Rudge a 1943, sashen kekunan BSA a 1957. A 1960 kuma kamfanin da ya mallaki Phillips da Hercules ya sayi Raleigh ɗin kansa, duk suka koma gida ɗaya. Amfanin sanin wannan a wurinmu shi ne, Rudge ko Humber na shekarun 1950 zuwa sama jikinsa jikin Raleigh ne, suna da ado kawai suka bambanta, kuma kayan ɗaya na shiga ɗaya.

Sai kuma waɗanda suka biyo baya suka cika kasuwa saboda arha. Phoenix, mai tambarin tsuntsu da dogon jela, daga Shanghai na ƙasar Sin yake, an fara shi a 1958. Flying Pigeon na birnin Tianjin ne tun 1950. Hero da Avon na Ludhiana ne a Indiya. Dukkansu siffar keken Ingila suka ɗauka, baƙi, da birkin sanda, da manyan tayoyi, shi ya sa daga nesa ba a rarrabewa.

To amma shaida ɗaya ba ta isa a yanke hukunci ba. Tambari 'yan ƙusoshi ne ke riƙe da shi, ana iya cire na wani keke a ɗaura wa wani, kuma an sha yin haka a kasuwa don a ƙara wa kaya kuɗi. A nemi shaida ta biyu a farantin cen, wato babban faifan mai haƙora da feda ke juyawa. A Raleigh an huda ƙarfen an fitar da siffar kan zalɓe. A Rudge hannu ne. A Humber wasu 'yan mutane ne riƙe da hannun juna a da'ira, kamar masu gaɗa. Phillips da BSA haruffan sunansu suka yanka. Idan farantin na cikin rufaffen gidan cen, a buɗe murfin a leƙa. Shaida ta uku tana kafaɗar fok, inda ƙafafun biyu suka haɗu a kan tayar gaba: ta Raleigh bututu ce a gicciye, kowane gefe da ɗan farin murfi mai lotsawa ciki kamar an danna shi da babban yatsa. Idan goshi ya ce Raleigh, faranti ya ce Raleigh, kafaɗa ta ce Raleigh, an gama. Idan suka saɓa, firam ake bi, domin keken da ya yi shekara 40 yana zuwa cin kasuwa babu abin da ba a canja masa ba sai ƙashin jikinsa.

Shekarunsa nawa?

Kowane firam yana da lamba da aka buga da ƙarfe. A neme ta a ƙarƙashin sirdi inda sanduna suka haɗu, ko a bayan bututun da sirdi ke shiga, ko a kifar da keken a duba ƙarƙashin inda sandar feda ke juyawa. Wannan wuri na ƙarshe za mu riƙa kiransa cibiyar keke. Idan lambar ta dushe, a goga alli a kai a share da yatsa. Farin zai maƙale a cikin rubutun ya fito sarai.

Daga wajen 1974 lambar Raleigh tana farawa da haruffa biyu. Na farko yana nuna masana'anta, N na nufin Nottingham. Na biyu yana nuna lokacin shekara. Lambar da ta biyo bayansu ita ce ƙarshen shekarar da aka yi shi. Misali, idan aka ga N, da wani harafi, sannan 6, to 1976 ne ko 1986, sauran alamomi ne za su raba gardama.

Wanda kekensa mai giya uku ne, ko mai fitilar da ke samun wuta daga cikin hob, wato tsakiyar wili, aikinsa ya fi sauƙi. A goge hob ɗin, za a ga sunan Sturmey-Archer, a kusa da shi kuma lambobi biyu a rabe. Idan an rubuta 68 da 9, an ƙera shi a watan Satumba na 1968. Sai dai wannan shekarar wilin ce. Idan an taɓa canja wili, ba ta faɗi komai a kan firam ba.

Akwai kuma shaidun da ba Bature ne ya buga su ba. A zamanin En'e ana biyan lasin keke duk shekara, a ba mutum ɗan gwangwani mai lamba ya ɗaura, galibi a notin wilin gaba ko ƙarƙashin sirdi. Idan yana nan, kada a yar, a wanke a karanta. A binciki tsohuwar adakar mamaci ko akwai rasit: idan da fam da sule aka rubuta kuɗin, an saye shi kafin Janairun 1973 da aka koma naira da kwabo. A kuma zauna da tsofaffin gida. Ba lalle su faɗi shekara ba, amma za su ce shekarar da gyaɗa ta yi kyau ce, ko bayan ma'aikata sun karɓi kuɗin Udoji, wato wajen 1975, ko kafin a haifi wance. Wannan ma lissafi ne, a rubuta shi a littafi tare da lambar firam.

Idan bincike ya nuna ba Raleigh ba ne, Phoenix ne ko Hero, kada gwiwa ta yi sanyi. Shi ma yana gyaruwa, kayansa ma sun fi sauƙin samu. Abin da ya kamata a sani tun yanzu shi ne, sau da yawa kuɗin da za a kashe ya fi abin da za a samu idan an sayar. Mai neman riba ya sayi akuya. Wannan aikin na wanda yake son ya hau abin da mahaifinsa ya hau ne.

Lafiyar ƙashi

Kafin a kashe ko kwabo, a tabbatar firam lafiya yake. A shafa yatsa a ƙarƙashin sandunan da suka taso daga goshi. Idan aka ji ƙarfe ya tattare ko fenti ya tsage a zagaye, keken ya taɓa yin karo da ƙarfi. A tsaya a gefe a dubi fok: ya kamata ya sauko daidai da layin goshi sannan ya lanƙwasa gaba, idan ya koma baya wajen firam, ya bugu. Sannan a ɗaura zare a inda wilin baya ke zama ta gefe ɗaya, a zagayo da shi ta goshi, a dawo a ɗaure ta ɗaya gefen. A auna tazarar zaren da bututun sirdi dama da hagu. Idan sun yi daidai, firam a miƙe yake.

Tsatsar da ta zauna a sama, mai launin jar ƙasa, ba abin tsoro ba ce. Abar tsoro ita ce wadda ta ci ta ciki, kuma ta fi samun sandunan ƙasa kusa da cibiya, a keken da ya daɗe inda ɗaki ke yoyo ko inda dabbobi ke fitsari. A ƙwanƙwasa da ƙusa. Ƙarfe mai lafiya yana amsawa da ƙara mai zaƙi, ruɓaɓɓe kuwa shiru yake yi, wani lokaci ma ƙusar ta shige. Ƙaramin tsagewa a mahaɗa yana gyaruwa, amma a kai wa mai waldar gas ya liƙe da tagulla, domin da tagulla aka haɗa shi tun asali. Waldar lantarki tana ƙona siririn bututu ta bar rami. Fok ɗin da ya tsage kuwa ba a yi masa magani, canja shi ake yi. A kansa ran mahayi yake.

Kwancewa

Kwana biyu ko uku kafin ranar aiki, a bi kowane noti a ɗiga masa kananzir da aka gauraya da ɗan baƙin mai, safe da yamma. Notin da ya shekara 30 a ɗaure ba ya son a tashe shi da tsawa. A lura kuma, notukan tsohon keken Ingila da ma'aunin inci aka yi su, sifanar milimita ba ta zama musu daidai, sai ta zame ta cinye kusurwoyi. A yi amfani da sifana mai daidaitawa a matse ta sosai, ko a ari ta tsohon mai gyara. Filaya ba ta da aiki a kan noti.

A shimfiɗa buhu ko tsohon zane a ƙasa, a jera gwangwanayen madara, kowane wuri da nasa, a rubuta suna a jiki. Abubuwa biyu suna kwancewa a juye: fedar hagu, da kof ɗin cibiya, wato mazaunin boris, na gefen cen. Su ana kwance su ne ta yadda hannun agogo ke tafiya. Mutane da yawa sun karya sifana suna ƙara ɗaure abin da suke zaton kwancewa suke yi. Kof ɗin gefen cen ma, idan bai lalace ba, a bar shi a wurinsa a wanke shi ta ciki.

Inda aka fi zubar da gumi shi ne ƙusar da ke riƙe ƙarfen feda a jikin sandar cibiya, wadda masu gyara ke kira kota. A sassauta notinta har ya zo daidai da bakin ƙusar, kada a cire shi. A sa guntun bututun ƙarfe a tsaye daga ƙasa ya tokare ƙarfen feda, yadda kan ƙusar zai faɗa cikin ramin bututun, nauyin duka kuma ya sauka ƙasa maimakon kan boris. Sannan a ba ta guduma sau ɗaya, mai kyau. Ƙananan duka na mai jin tsoro su ne ke lanƙwasa ta, ta baje kamar naman kaza, daga nan sai an huda. Kaurinta milimita 9.5 ne a kekunan Ingila. Wajen mayarwa, ta dama da ta hagu su kalli saɓanin juna, in ba haka ba fedojin ba za su miƙe a layi ɗaya ba. Da guduma ake zaunar da ita, noti riƙewa kawai yake yi.

Ga wani abu da ya halaka Raleigh da yawa. Tiredin cibiya da na wuyan Raleigh ɗin Nottingham zare 26 ne a kowane inci, alhali na yawancin kekuna 24 ne. A ido kamar ɗaya suke. Sabon kof na kasuwa zai shiga zagaye biyu lafiya, sannan ya cije. Idan aka tilasta shi da sifana, ya cinye tiredin firam, kuma wannan ɓarna ba ta da sauƙin gyara. Wani dattijo mai gyara a bakin kasuwarmu ya taɓa karɓe sifana daga hannuna ya ce, "Ɗana, abin da yake na gidan da yatsa yake shiga. In ka ji yana neman ƙarfi tun daga bakin ƙofa, baƙo ne, mayar musu da kayansu." Don haka tsohon kof da kon, wato ƙarafan da boris ke juyawa a tsakaninsu, muddin ba su yi rami ba, sun fi sabo. Idan sun lalace, a nemi na wani mataccen Raleigh a wurin tsofaffin masu gyara. Galibinsu suna da gwangwani cike da irin waɗannan a ƙarƙashin benci.

Boris kuwa a zubar da tsofaffin a sa sababbi, ba su da tsada. Amma a ƙirga su tukuna, a kuma je kasuwa da samfur, domin girmansu ya bambanta. Galibi cibiya tana ɗaukar 11 kowane gefe, hob ɗin baya mara giya 9 kowane gefe, duk manya. Hob ɗin gaba 10 kowane gefe, matsakaita. Wuyan Raleigh yana cin ƙanana 25 a sama, 25 a ƙasa, kuma a sake suke, da zarar an ɗaga fok sai su watse, shi ya sa muka ce a shimfiɗa buhu. A wanke mazauninsu da kananzir, a bushe, a cika da sabon giris, a jera su. Wajen ɗaurewa a nemi tsakiya: ya juya babu tauri, kuma babu girgiɗi. A tsohon hob ɗin gaba na Raleigh kon ɗaya ne kawai ake daidaitawa, kuma dole ya kasance a hagun keke. Idan aka juya wilin, zai riƙa ɗaure kansa a kan tafiya har ya ci boris.

Tsatsa da fenti

Ni kaina a nan na yi ɓarna. Keken mahaifina Raleigh ne baƙi mai siraran layuka ruwan zinariya, da shi ya yi shekaru yana zagaya ƙauyuka yana aikin malamin gona. Da ya faɗo rabona ina saurayi, ɗoki ya hana ni tambayar kowa. Na kai wa wani mai fentin babura na ce a mayar min da shi sabo. Bayan kwana uku na je na tarar da keke kore shar, an fesa har kan sifok da ƙararrawa. Samfefa ta cinye layukan zinariya, fenti ya cike lambar firam, tambarin zalɓen kuwa an ɓanɓare shi don kada ya tare hanya, yaron shagon ya ce bai san inda ya faɗi ba. Da na turo shi gida, mahaifiyata ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Kai kuma keken wa ka aro?" Garin gyaran gira na rasa ido.

Fentin kamfani a wuta aka gasa shi, ya fi duk abin da za a fesa a bakin titi ƙarko. Abin da ake gani kamar ya mutu, sau da yawa datti ne da tsohon mai suka rufe shi. A wanke da sabulu, a bi inda maiƙo ya daskare da tsumma mai ɗan kananzir, a yi a hankali a kan rubutu da layuka. Idan ya bushe a shafa baƙin man goge takalmi, a bar shi ya sha, a goge da tsumma mai laushi. Inda fenti ya ɓare ƙarfe ya fito, a kankare tsatsar wurin kaɗai a ɗiga baƙin fenti da ɗan ƙaramin burushi. Tabon da kariya ta samu wajen ɗaukar buhun gero ba aibi ba ne, a bar shi. Fenti gaba ɗaya sai idan tsatsa ta rufe fiye da rabin jiki, kuma ko a nan a rufe tambari da lamba kafin a fesa.

Fararen ƙarafa, wato kai da rim da sandunan birki, a goge su da takardar alminiyam da aka dunƙule aka tsoma a ruwa. Tana ɗauke tsatsa ba ta karce farin ba. Ƙananan notuka da washa a jiƙa su cikin ruwan lemun tsami su kwana, a ɗauraye, a shanya nan take, a shafa mai. Kada a wanke kaya da fetur, balle a tsakar gida inda ake girki.

Taya, birki, cen da sirdi

A karanta gefen tsohuwar taya kafin a je kasuwa. Manyan kekunan nan 28 x 1½ ne, a wasu tayoyin a rubuta 40-635. Akwai wata taya ta kekunan gwanjo da ita ma ake ce mata 28, amma lambarta 622 ce. Ta gaza da milimita 13, ba za ta hau ba ko an kira ƙarti. Ƙananan kekunan kuwa galibi 26 x 1⅜ ne, wato 590. A yanka tsohon tib a zagaya cikin rim ya rufe kawunan sifok. Idan bawul mai 'yar roba ne kuma iska na fita, sau da yawa robar ce ta tsufa, ita kaɗai za a canja.

Ɗaurin wili aikin mai gyara ne, a biya shi ya yi. Birkin sanda yana jan roba ne sama ta kama cikin rim, don haka idan wili ba da'ira sosai ba ne sai ya riƙa kamawa yana saki. A sa sababbin robobi, a tabbatar rufaffen bakin gidan robar yana kallon gaba, don kada rim ya fizge ta ta fice. A kuma sani irin wannan birki ba ya kamawa sosai cikin ruwan sama.

Cen a auna shi da ma'aunin tela: daga tsakiyar ƙusa ɗaya a ƙirga 24 gaba, ya kamata a samu inci 12 cif. Idan ya zarce da milimita 3, ya miƙe, a canja. Idan an ɗaura, a bar masa sakin da bai wuce kaurin yatsa ba. Hob mai giya uku yana da 'yar ƙofar mai a jikinsa. Ɗigo kaɗan na mai mara kauri yake so lokaci lokaci, ba a cusa masa giris.

Idan sirdin fata ne mai sunan Brooks a baya, an yi sa'a. Kada a jiƙa shi da baƙin mai, yana kashe fata. A shafa ɗan kitse da aka narkar da kakin zuma, sama da ƙasa, a ajiye a inuwa kwana biyu. Notin da ke ƙarƙashin hancinsa yana ja fatar ta miƙe, amma busasshiyar fata yagewa take yi, don haka rabin zagaye ya isa. Idan ta riga ta yage, a kai wa baduku ƙarfen da tsohuwar fatar ya yanka sabuwa daga ƙirgi mai kauri.

Ranar hawan farko a gwada shi a fili, babu kaya, babu goyo. Bayan mako ɗaya a sake bin kota da notukan wili, domin sukan saki bayan sun zauna.

Tambayoyi

1. Me ya sa ba a dogara da tambarin goshi shi kaɗai? Kawo wasu wurare biyu da ake dubawa.
2. An ga 71 da 3 a jikin hob ɗin Sturmey-Archer. Wane wata ne, wace shekara? Shekarunsa nawa a bana?
3. Cibiya 11 kowane gefe, baya 9 kowane gefe, gaba 10 kowane gefe, wuya 25 sama da ƙasa. Boris nawa ne duka?
4. Wani ya ce tunda keken a ɗakinsa yake, nasa ne. Me za ka ce masa?

Aikin gida

Kowa ya nemi tsohon keke, na gidansu ko na maƙwabci da izininsa. A wanke goshi da faranti, a zana abin da aka gani, a kwafo lambar firam da rubutun gefen taya harafi da harafi. A tambayi mutumin da ya fi kowa tsufa a gidan yaushe keken ya shigo, a rubuta amsarsa da kalmominsa. Ku zo da littattafanku darasi na gaba mu karanta tare, kuma kafin nan kada wanda ya kwance ko noti ɗaya.